FASHIN BAƘI: Yadda gilashin manne wa ido ke gyara tafiyar idanu biyu, da yadda yake iya dagula ta

A garin Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun rasuwarsa a 1837, maganar lafiyar ido ba baƙuwa ba ce. Cikin littattafan da ya bari a fannin magani akwai wanda ya keɓe wa ido, mai suna Masugul Lujaini. Kusan ƙarni biyu bayan haka, ido na nan cikin abubuwan da ke kai mutanen Wurno, Rabah da Goronyo asibiti.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Sai dai idan aka dawo kan masu raunin gani matsakaici, fiye da rabinsu ba wata cuta ce ke damun su ba illa rashin gilashin da ya dace da awon idonsu.

Tabarau ne abin da yawancin irin waɗannan mutane ke samu, idan ma sun samu. Amma wayar hannu ta kawo wa matasa tallar wani abu daban: ɗan faifai mai laushi, garai-garai, wanda ake ɗora shi kai-tsaye a kan baƙin ido. Shi ne gilashin manne. Ɗalibai na son sa domin ba ya nauyi a hanci, amare na son mai launi domin kwalliya. Ga mai matsalar da likitoci ke kira astigmatizim kuwa, wannan faifai na iya zama sauƙi babba, yana kuma iya zama sanadin ciwon kai da gani biyu-biyu. Abin da ke raba tsakani shi ne ko an duba yadda idanun biyu ke aiki tare, ko kuwa kowane ido aka auna shi kaɗai aka sallami mutum.

Mene ne astigmatizim?

A gaban baƙin ido akwai wani tantani mai sheƙi da ake kira koniya. Shi ne ke yin mafi yawan aikin tattara haske ya kai shi allon da ke can bayan ido. Idan lanƙwasar koniya daidai take ta kowane ɓangare, kamar bayan ƙwarya, hasken zai haɗu a wuri guda, hoto ya fito tar. Idan kuwa ta fi lanƙwasa ta wani ɓangare, kamar bayan cokali, hasken zai haɗu a wurare biyu. Sai mutum ya riƙa ganin haruffa da inuwa, fitilar mota ta yi masa jela da dare, abu na kusa da na nesa duk su yi dishi-dishi.

Masanin Ingila Thomas Young ne ya bayyana wannan matsala a 1801, bayan ya gano ta a idonsa. A 1825 George Airy, masanin taurari, ya sa aka wasa masa gilashin da ke da ƙarfi ta ɓangare ɗaya kawai, ya gyara nasa idon da shi. Har yau kan wannan dabara ake tafiya. Shi ya sa takardar awon mai astigmatizim ke ɗauke da lambobi uku ga kowane ido: ƙarfin gilashi na gama-gari, ƙarfin gyaran astigmatizim, da alƙiblar da gyaran zai fuskanta, wadda ake rubutawa da digiri har zuwa 180. Ma'aunin ƙarfin gilashi kuwa sunansa dayofta.

Mafi yawan masu astigmatizim da shi aka haife su. Amma a ƙasa mai rana da ƙura irin gabashin Sakkwato akwai ƙarin hanyoyin samun sa. Naman da ke tsirowa daga farin ido ya hau kan baƙi, wanda ya fi kama manoma da masu yini a rana, yana jan koniya ya sauya mata siffa. Tabon amosanin ido ko na rauni yana barin ta da tudu da kwari. Yaron da ya daɗe yana fama da ƙaiƙayin ido yana murza shi kuwa, koniyarsa na iya yin sirara ta yi tsini, cutar da ake kira keratokonus.

Shanu biyu, karkiya ɗaya

Tsakanin ƙwayoyin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6, saboda haka hoton da idon dama ke ɗauka ya ɗan bambanta da na hagu. Duk wanda ya miƙa babban yatsansa gaba ya riƙa rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya zai ga yatsan na tsalle. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu su zama ɗaya, kuma daga ɗan bambancin nan take lissafa zurfi da tazara. Da shi tela ke zura zare a allura, da shi baduku ke sanin inda basilla za ta faɗa, da shi ɗan kabu-kabu ke ƙiyasta nisan ramin da ke gabansa.

Kowane ido tsokoki shida ne ke juya shi, kuma dole su tafi tare kamar shanun huɗa a karkiya guda. Haɗuwar hotunan na buƙatar sharuɗɗa: idanun su fuskanci abu ɗaya, hotunan su yi kusan daidai a girma, su kuma yi kusan daidai a tsabta. Da zarar ɗaya ya yi rauni, sai ƙwaƙwalwa ta shiga wahala.

Mutane da dama suna da ɓoyayyar karkata, wato idan aka rufe ido ɗaya sai ya ɗan zame ciki ko waje, idan aka buɗe ya dawo. Wannan ba cuta ba ce muddin tsokoki na da rarar ƙarfin riƙe shi. Ana auna rarar da ma'aunin firizim, inda firizim ɗaya ke kautar da hoto santimita 1 a nisan mita 1. Wajen tattaro idanu ciki, mutum na iya jure firizim 20 ko fiye. Amma idan ido ɗaya ne ya ga abu sama, ɗayan ya gan shi ƙasa, juriyar ba ta wuce 2 zuwa 4 ba. Wannan ƙarancin juriya ta sama da ƙasa shi ne mabuɗin fahimtar abin da zai biyo baya.

Inda gilashin manne ya fi tabarau

Tabarau na zaune ne kimanin milimita 12 daga ido, kuma wannan 'yar tazara na da tasiri. Gilashin da ke nesa da ido yana sauya girman hoto, kusan kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 kan kowace dayofta. Da yake gilashin astigmatizim ƙarfinsa ta ɓangare ɗaya ne, sai ya ja hoto ta wannan ɓangaren kawai. Idan alƙiblar ido ɗaya ta saɓa wa ta ɗayan, musamman idan a karkace suke, hotunan biyu kan miƙe ta fuskoki daban-daban. Shi ya sa wanda ya sa sabon tabarau mai ƙarfi ke cewa ƙasa ta yi masa gangare, ko bango ya kwanta. Yawanci ƙwaƙwalwa kan saba cikin kwanaki ko makonni, amma ba kowa ke sabawa ba.

Matsala ta biyu ita ce ido na yawo a bayan tabarau, shi kuwa gilashin yana tsaye. Duk lokacin da mutum ya kalli abu ta gefen gilashi maimakon tsakiyarsa, gilashin na kautar da hoto. Ƙa'idar da Charles Prentice ya fitar a 1890 ta ce a ninka ƙarfin gilashi da nisan da ido ya kauce daga tsakiya. A ɗauki ɗalibin da ke da bambancin dayofta 3 tsakanin idanunsa. Idan ya sauke ido santimita 1 domin karatu, bambancin sama da ƙasa zai kai firizim 3, wato bakin iyakar juriyarsa. Layukan littafi za su fara hawa kan juna, kafin ya gama shafi biyu kansa ya ɗauki ciwo.

Gilashin manne ya kauce wa waɗannan matsaloli biyu, domin a kan ido yake zaune kuma tare da shi yake juyawa. Girman hotuna ba ya sauyawa sosai, kuma kodayaushe ta tsakiyar gilashin ake kallo. Saboda haka ga mai astigmatizim mai ƙarfi, ko wanda awon idanunsa ya yi nisa da juna, sau da yawa gilashin manne ne ke dawo da haɗin kan idanun da tabarau ya kasa samarwa.

Gilashin da dole ya tsaya kan alƙiblarsa

Gilashin manne mai laushi ya samo asali ne daga aikin Otto Wichterle a birnin Prague a 1961. Nau'in da ke gyara astigmatizim, wanda ake kira torik, a 1978 ya samu amincewar hukuma a Amurka. Abin da ya jinkirta shi shi ne juyawa. Faifai ne da ke shawagi a kan hawaye, fatar ido na bugun sa dubban lokuta a yini. Gilashi na gama-gari ko ya juya babu komai. Na torik kuwa, da ya bar alƙiblarsa gyaran ya fara lalacewa.

Lissafin a fili yake. Juyawar digiri 10 na dawo da kusan kashi ɗaya bisa uku na astigmatizim ɗin da aka so gyarawa. Juyawar digiri 30 kuwa kamar ba a sa komai ba ne. Mai gyaran dayofta 2.25 da gilashinsa ya juya digiri 10 zai zauna da ragowar kusan 0.75, abin da ya isa ya dusashe masa rubutu.

Illar hakan ba ta tsaya kan ido ɗaya ba. Idan hoton dama ya fito tar, na hagu kuma yana gyaruwa yana lalacewa da kowane ƙiftawa, ƙwaƙwalwa na rasa abin da za ta riƙe ta haɗa su. Fahimtar zurfi kan ragu, kuma ɓoyayyar karkatar da tsokoki suka daɗe suna dannewa na iya bayyana, musamman da yamma bayan gajiya. Mutum ya ji idanunsa na ja, ko ya kama kansa yana rufe ido ɗaya domin ya karanta saƙo a waya.

Dabarar hana juyawa da farashinta

Masu ƙera gilashin suna da dabaru biyu manya. Ta farko ita ce a kauraro ƙasan faifan, ta yadda fatar ido ta sama za ta matse ɓangaren mai kauri ya zame ƙasa, kamar yadda ɗan kankana ke sulɓewa idan aka matsa shi tsakanin yatsu biyu. Ta biyu ita ce a sirantar da sama da ƙasa, a bar kaurin a gefuna biyu, fatun ido su riƙe shi a tsakani.

Dabarar farko na da wani sakamako: gilashin da ƙasansa ya fi samansa kauri ya zama firizim, yana ɗaga hoto sama. A wasu nau'o'in wannan kautarwa na kaiwa firizim ɗaya ko ɗan fiye da haka, a wasu kuwa an tsara tsakiyar faifan yadda babu ita kusan gaba ɗaya. Idan idanun biyu suna sanye da iri ɗaya, kautarwar ta zo daidai, babu abin damuwa. Matsalar na tasowa ne ga wanda ido ɗaya kawai ke buƙatar torik.

Irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2011 kan takardun awon tabarau sama da 11,000 a Birtaniya ya nuna kusan kashi 47 cikin 100 na da astigmatizim na dayofta 0.75 ko fiye aƙalla a ido ɗaya, yayin da kusan kashi 24 ke da shi a duka biyun. Ke nan kusan rabin masu matsalar a ido ɗaya take. Yawancinsu za su jure firizim ɗaya ba tare da sun lura ba. Amma wanda dama yake da ɓoyayyar karkata ta sama da ƙasa, wannan ƙarin na iya cinye 'yar rarar da ta rage masa, ya fara jin jiri, tashin zuciya ko ganin layi biyu. Maganin ba wuya: a sauya masa zuwa nau'in da ba shi da firizim a tsakiya. Sai dai ba za a yi hakan ba sai mai awo ya san da matsalar.

Aikin kusa

Akwai kuma sauyin da ke zuwa daga barin tabarau shi kansa. Mafi yawan masu astigmatizim suna haɗa shi da rashin ganin nesa ko rashin ganin kusa. Tabarau na mai rashin ganin nesa yana rage wa idanu aiki a ɓoye lokacin karatu: ba sai sun tattaro ciki sosai ba, ba sai kuma sun matsa ƙarfi sosai wajen daidaita hoto ba. Ranar da ya koma gilashin manne, wannan tallafi ya tafi. Matashi mai ƙarfin tsoka ba zai ji komai ba, amma ɗan shekara 40 da 'yan kai na iya tarar da cewa karatun Alƙur'ani ko ɗinkin hula ya fara yi masa wuya. Ga mai rashin ganin kusa kuwa abin akasin haka ne, gilashin manne sauƙi yake ƙara masa.

Wanda likita ya saka wa firizim a tabarau da gangan domin daidaita idanunsa shi ma ya yi hattara. Gilashin manne na yau da kullum ba ya ɗaukar firizim na dama da hagu, don haka barin tabarau na nufin barin maganin.

Shin yana miƙar da karkataccen ido?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a. Karkatar ido ta fili, wadda ake tsokanar mai ita da harara-garke, iri-iri ce, kuma gilashin manne ba ya jan tsoka. Akwai dai nau'i guda da gilashi ke gyarawa: yaron da ke da rashin ganin kusa mai yawa, wanda ƙoƙarin daidaita hoto ke jan idonsa ciki, galibi daga shekara 2 zuwa 3. Idan aka ba shi cikakken awonsa idon na iya miƙewa, kuma tabarau ne zaɓin farko ga yara.

Abin da ya fi hatsari shi ne jinkiri. Idan yaro ya taso ido ɗaya na kawo hoto mai hazo saboda astigmatizim, ƙwaƙwalwarsa kan yi watsi da wannan idon. Bayan shekara 7 zuwa 8 gyaran na ƙara wuya, ko da daga baya an samo gilashi mafi inganci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke karkata kai in zai kalli allo, ko yake matse ido, ko yake rufe ɗaya a rana, awon ido yake buƙata tun kafin a kira shi daƙiƙi.

Ga masu keratokonus ko tabo a koniya, gilashi mai laushi ba ya wadatarwa domin yana bin siffar idon ne. Su sai mai tauri, wanda hawaye ke cike gurbin da ke tsakaninsa da koniya su samar da shimfiɗa mai santsi. Irin wannan sai a manyan cibiyoyi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda za a iya tantance cutar a ba da shawarar mataki na gaba, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ƙura da ruwa

Ko awo ya yi daidai, yanayin ƙasa na da ta cewa. Hunturu na busar da hawaye, zafin bazara a Sakkwato na haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, kuma busasshen gilashi ya fi saurin maƙalewa a karkace. Ƙurar sussukar shinkafa da ta hanya na shiga ƙarƙashinsa ta kankare koniya. Kwallin da ake zizarawa a bakin fatar ido yana mannewa a jikinsa.

Ruwa ya fi ƙura hatsari. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ƙasa da ruwan rijiya, famfo, kogi da madatsa. Idan ta maƙale tsakanin gilashi da ido tana iya haƙa gyambon da ke da wuyar magani, har ya kai ga makanta. Mai noman rani da ke yini cikin ruwan da ke gangarowa daga madatsar Goronyo a kan kogin Rima, hannunsa cikin laka yana dashen albasa ko tafarnuwa, tabarau ya fi masa aminci a gona. Ba a wanke gilashin manne da ruwa ko miyau, sai da ruwan maganinsa. Ana cire shi kafin wanka, a kuma runtse ido sosai yayin wanke fuska a alwala. Kwana da shi na ninka hatsarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana. Idon da ya yi ja, yake zafi ko yake ƙin haske, a cire gilashin nan take a nufi asibiti a ranar.

Abin da ya kamata a nema wurin mai awo

Ido ba mudu ba ne, amma a wannan fage mudu yake buƙata. A Najeriya, hukumar ODORBN da dokar 1989 ta kafa ita ce ke yi wa masu awon ido da masu haɗa tabarau rajista, kuma mai sayar da kayan kwalliya a kasuwa ko a WhatsApp ba ya cikinsu. Lambobin takardar tabarau ma ba lallai su zama na gilashin manne ba, musamman idan ƙarfin ya kai dayofta 4.

Wanda zai taso daga Rabah ko Goronyo zuwa Sakkwato, a wannan lokaci da kuɗin mota da fargabar hanya suka sa kowace tafiya ta zama abin lissafi, ya kamata ya ci moriyar zuwansa. Ya je da tsohon tabarau ɗinsa. Ya faɗi sana'arsa, ya kuma faɗa idan ya taɓa gani biyu-biyu, ko an taɓa yi masa aikin ido, ko idonsa ya taɓa karkata yana yaro. Ya nemi a yi masa gwajin rufe ido ɗaya bayan ɗaya, na nesa da na kusa, kafin a sa gilashin da kuma bayan an sa. Ya zauna da shi minti 15 zuwa 20 ya daidaita, sannan a duba 'yar alamar da ke jikinsa a ga ko ya juya. Idan ido ɗaya ne zai sa torik, ya tambayi wane nau'i ne. Kafin ya bar ɗakin, ya karanta rubutu na kusa da idanu biyu a buɗe, ya taka 'yan matakai ya ji yadda ƙasa take a ƙafarsa.

Ko bayan komai ya yi daidai, kada ya rabu da tabarau. Zai buƙace shi ranar da ƙura ta taso, ranar da ruwan magani ya ƙare, da duk daren da ido ya nemi hutu.